Kaki bisa man rufi, ba man rufi bisa kaki ba

Da zarar damina ta ja baya, kaka ta wuce, iskar hunturu ta soma busowa daga arewa maso gabas, duk mai mota a Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram ya san abin da ke jiransa. Motar da aka wanke da hantsi, kafin azahar ta yi fari kamar an barbaɗa mata garin gero. A irin wannan lokaci ne kasuwar man goge mota take buɗewa, gwangwanaye da kwalabe su cika butikan kayan gyara, kowane da hoton mota mai walƙiya a jikinsa. A lokacin ne kuma ake yawan jin koke iri ɗaya daga bakin ma'aikata da ƴan kasuwa: an sayi mai mai tsada wanda aka ce zai kai wata shida, an shafa, ga shi ko wata guda bai cika ba ya bi iska. Sai a ce jabu ne. Wani lokaci jabun ne, domin kasuwa ba ta rasa shi. Amma sau da yawa man ba shi da laifi ko kaɗan. Laifin yana wurin jeri, wato abin da aka fara shafawa da abin da aka bi shi da shi.

Ga yadda abin ya kan kasance. Ma'aikaci ya yi shekaru yana tari, ko ya ci bashin banki, ya sayi mota ta hannu wadda ta sauka a Kwatano ko Lome. Dillali ya riga ya sa an shafe ta da kaki domin ta ɗauki ido. Da ta zo gida, yaron da ke wanke ta ma duk Juma'a sai ya ƙara mata. Ana nan sai wani aboki a biro ya ce ai an daina yayin kaki, akwai man zamani da ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Mai mota ya sayo ya miƙa wa mai wanki.

"Maigida, a fidda tsohon tukuna ko a ɗora a kai?"

"Ɗora kawai, yaro. Ai biyu ta fi ɗaya."

A ranar mota ta yi kyau, maƙwabta suka yaba. Bayan mako uku ko huɗu ruwa ya daina tsayawa ƙwaya-ƙwaya a jikinta, fenti ya yi dishi-dishi, wasu wurare ma suka yi zane-zane kamar an goga mata tsumma mai maiƙo. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Yaron ne ya yi tambayar da ta dace, amma maganar yaro ba ta cika nauyi a kunnen mai biyan kuɗi.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta isa a cika shafi da ita ba. To, ya tuna cewa tun daga Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, kasuwa ta koma ta motocin hannu. Rufe iyakar Gaya da aka yi a 2023 kuma ya karkatar da kaya masu yawa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko mota ya ƙaru. Mota a hannun ma'aikaci ajiya ce, ita ce abin da zai sayar ranar da aure ko ciwo ko gini ya taso. A hannun ɗan kasuwa kuwa haja ce. Mai saye ba ya fara buɗe inji, fenti yake fara gani, kuma daga fentin yake yanke hukunci kan yadda aka riƙe sauran. Motar da fentinta ya ƙone a sama da murfin inji, jikka da yawa suke zubewa daga farashinta tun kafin a tada ta.

Kafin a zo ga kaki da man rufi, ya kamata a san abin da ake shafa su a kai. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai hana tsatsa, akwai na share fage, sannan mai launi, sannan a bisa duka wani fenti garai-garai marar launi wanda masu garaji ke kira berni. Dukansu in an haɗa, kaurinsu ya kan kama daga mikiron 100 zuwa 150, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ma'aikaci ya ɗauki takarda guda ta biro ya dubi kaurinta: kusan iyakar fentin motarsa ke nan. Berni shi kaɗai bai cika wuce mikiron 50 ba. Shi ne mai sheƙi, shi ne kuma ke ɗauke da sinadaran da ke tare zafin hasken rana daga cin launi. In ya ƙare, ba man da zai maido shi, sai mai fenti. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504, musamman masu launi ɗaya marar ƙyalli, da yawansu ba su da wannan hawa na sama, launi da sheƙi a haɗe suke. Gane su ba wuya: a goga ɗan man gurza da farin ƙyalle a wani lungu, in ƙyallen ya ɗauki launin motar, to babu berni.

Kaki shi ne tsohon hannu a wannan sana'a. Wanda ya fi suna ana kiransa karnoba, kuma daga ganyen wani itace ake samunsa, ɗan uwan giginya da goriba, wanda ke fitowa a arewa maso gabashin Birazil, a jihohin Piyawi da Siyara da maƙwabtansu. Ƙasar tana da dogon rani, sai itacen ya lulluɓe ganyensa da kaki domin kada rana ta shanye masa ruwa. Da rani ake sare ganyen, a shanya, a bubbuga, garin kakin ya zubo, a narka a tace. Mutumin Gulbin Kaba da ya ga ganyen zai ɗauka kabar garinsu ce. Wannan kaki ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86, alhali kakin zuma yana narkewa tun daga digiri 62 zuwa 64. Har a kan alewa da ƙwayoyin magani ana sa shi domin su yi sheƙi.

Sai dai karnoba zallansa busasshe ne mai tauri, ɓawo-ɓawo yake, ba ya shafuwa. Abin da ke cikin gwangwani haɗi ne: karnoba, da kakin zuma ko na fetur, da mayuka, da ruwan narkarwa wanda galibi daga fetur yake. Saboda haka gwangwanin da aka rubuta wa ɗari bisa ɗari, ma'anarsa kakin da ke ciki karnoba ne, ba wai duk abin da ke ciki ba. Idan an shafa, ruwan narkarwar ya tashi, kaki da mai su kwanta bisa fenti, su cike ƙananan ƙarce-ƙarce, su ba da wani sheƙi mai zurfi kamar mota ta jiƙe. A kan baƙar mota ko ja ko shuɗiya babu abin da ya kai shi kyau. Amma kwanciya kawai yake yi, bai kama komai ba. A ƙasashen sanyi ya kan yi wata ɗaya zuwa biyu. A Nijar kuwa, inda zafin inuwa ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, jikin baƙar motar da aka bari a rana ya kan haura digiri 70. Karnoban ba zai narke ba, amma mayukan da ke riƙe da shi za su yi laushi su tashi, ƙura ta cinye saura. Makonni kaɗan ne rabonsa.

Man rufi kuwa ɗan masana'anta ne, ba itace ba zuma. Da Faransanci a kan rubuta masa cire synthétique ko scellant, sunan farko kuwa shi ke ruɗa mutane, domin suna ɗauka kaki ne irin wanda suka sani. An yi shi da folima, wato sinadarai masu dogayen sarƙoƙi, mafi yawa dangin silikon ko akirilik. Aikinsa ya sha bamban da na kaki ta fuska ɗaya, kuma duk maganar a nan take: shi kamawa yake yi. Idan ya taɓa tsabtataccen berni, sarƙoƙin nan su manne masa, sannan a hankali su sarƙe da juna su zama kamar taru mai ƙananan ido. Sarƙewar ba nan take ba ce, ta kan ɗauki awa 12 zuwa 24, kuma iri da yawa suna bukatar laimar iska kafin ta kammala. In ta kammala, man rufi mai kyau ya kan yi wata huɗu zuwa shida, ya fi kaki jure zafi da sabulu. Sheƙinsa na gilashi ne, mai kaifi, wasu na cewa ba shi da ɗumi irin na kaki. Wannan kuma ra'ayi ne, kowa da idonsa.

Duk matar da ta taɓa ƙunshi ta riga ta san sauran bayanin. Ba a sa lalle a hannun da aka shafa wa mai, domin ba zai kama ba. Sai an wanke hannu tas ya bushe. Amma in lalle ya kama an cire, a nan ne ake shafa mai domin ya fito ya yi kyau. Masu sayar da atamfa ma sun san inda sunan wakis ya samo asali: kaki ake ɗigawa a ƙyalle domin ya hana rini shiga, duk inda kakin ya zauna launi ba ya kamawa. Aikin kaki ke nan a ko'ina, hana abu mannewa. To wanda ya shafa man rufi bisa kaki ya sa shi ya kama abin da aka yi musamman domin kada a kama shi. Man rufin ba zai taɓa berni ba. Wani sashe nasa zai cakuɗe da mayukan kakin ya kasa sarƙewa, shi ne zane-zanen da ake gani, sauran kuma ya zauna bisa kakin yana jira. Ranar da kakin ya tafi, tare za su tafi, kamar yadda yaɓen siminti ke ɓantarowa falle-falle daga katangar ƙasa idan ƙasar da ke bayansa ta saki. An biya kuɗin wata shida, an sami kwanakin kaki.

Juya jerin kuwa ba ya ɓata komai. Man rufi a ƙasa, ya kama berni ya sarƙe, kaki a sama ya kwanta kamar yadda ya saba kwanciya a kan komai. Kakin zai ƙare a lokacinsa ya bar man rufi yana aikinsa. Amma akwai sharaɗi biyu, kuma a kansu ne masu wanki suka fi tuntuɓe.

Na farko jira ne. Ruwan narkarwar da ke cikin kaki yana iya narkar da man rufin da bai gama sarƙewa ba. Mai wanki yana son ya gama ya karɓi kuɗinsa, mai mota yana son ya kai yara lakkal, sai a shafa wannan da ƙarfe tara, a bi shi da wancan da ƙarfe goma. Sauri ya haifi nawa. A bar mota kwana guda cur, a inuwa, ba ruwa ba raɓa. Da hunturu, da yake iska ta bushe ƙayau, ƙara mata wasu awoyi ba asara ba ne. Kuma gara cikin garaji mai ƙofa, domin ƙurar da ta sauka bisa man da bai kama ba, a cikinsa za ta zauna.

Na biyu shi ne irin kakin. Yawancin gwangwanaye masu araha da ke kasuwa ba kaki zalla ba ne, kaki ne mai wanki, wanda aka zuba wa garin gurza mai laushi da ruwan narkarwa mai ƙarfi domin ya share tsohon datti yana shafuwa. A jikinsu a kan ga nettoyant ko rénovateur, ko a ce uku cikin ɗaya. A kan motar da ba a yi wa komai ba suna da amfaninsu. A kan man rufi kuwa ɓarna ne, domin abin da za su fara sharewa shi ne man rufin da aka kwana ana jira ya kama. Wanda zai hau man rufi sai kakin da babu gurza a cikinsa. In rubutun gwangwani bai fayyace ba, a murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu biyu, ko a gwada a kan tsohon fenti marar berni da farin ƙyalle: wanda ya ɗebo launi mai wanki ne.

Tambayar da ta rage ita ce ko ɗora kakin ma yana da wani amfani a ƙasa irin Nijar. Gaskiyar magana, kaɗan ne. Abin da ke sama shi ke fuskantar duniya, saboda haka motar da aka ɗora wa kaki halin kaki za ta yi, ba halin man rufi ba. Kaki mai yawan mai kuwa yana riƙe ƙura fiye da busasshen man rufi, musamman in rana ta tausasa shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu wannan ba ƙaramin aibi ba ne. A kan farar mota ko mai ruwan toka, waɗanda su suka fi yawa a titi, kuma su suka fi dacewa da wannan rana, ƙarin sheƙin da kaki ke bayarwa sai mai ido sosai zai gan shi. Mai baƙar mota da ke son ta fito ranar Salla ko ranar ɗaukar amarya, ya shafa abinsa, ba wanda zai ga laifinsa. Amma ya san ado ya saya, ba kariya ba. Maganar cewa hawa biyu sun ninka kariya, maganar mai sayarwa ce. Kaki da man rufi, ko an haɗa su, kaurinsu bai kai mikiron guda ba. Ba sa tare ƙarce, kuma abin da suke tarewa na zafin rana kaɗan ne in aka gwada da na berni. Amfaninsu na gaskiya shi ne su hana datti kamawa: kashin tsuntsu da na jemage, ruwan ƴaƴan dogon yaro, kwalta, da tabon ruwan rijiya mai gishiri. Su ne ke karɓar dukan, su ba mai mota lokacin wankewa kafin abin ya ci berni.

Wanda ya riga ya shafa kaki, yana son komawa ga man rufi, dole ya maida fenti tsirara tukuna. Wanki da omo yana rage kaki, domin sabulu ne mai kaifi, amma ba ya fidda shi duka, kuma maimaita shi yana busar da robobin ƙofa da na gilashi. Sau ɗaya domin wannan aiki ba laifi. A maida shi sabulun kowane mako kuwa, shi ne dalilin da ya sa babu man da ke daɗewa a motoci da yawa. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a wanke, a bi da man gurza mafi laushi da hannu marar nauyi, sannan a goge mayukan da shi ma ya bari da alkol irin na izofirofil wanda aka surka, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu ko biyar, ko da man cire maiƙo da masu fenti ke amfani da shi kafin feshi. Shaidar an gama ita ce ruwa: in an watsa ya shimfiɗu ya kwanta bai dunƙule ba, kuma yatsa ya ja da ƙara a kan fentin, to babu sauran kaki. Sai a shafa man rufi siriri, a inuwa, jikin mota da sanyi. Shafa da kauri ba ya ƙara komai sai wahalar gogewa. Game da man gurza kuwa a yi hattara, domin kowace gurza tana cin berni, kuma an ga yawan abin da ake da shi. Masu injin goge da ke bin mota duk wata biyu har ta yi walƙiya, garin neman gira suke rasa ido.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a tashoshin mota da wuraren wanki, ta zuba ɗan gazuwal ko kananzir a bokitin ruwan ƙarshe domin mota ta yi ƙyalli. Tana yi kuwa, na yini ɗaya. Gazuwal yana narkar da kaki, yana raunana man rufi, yana kumbura roba, sannan ya bar maiƙon da ke kiran ƙura daga nesa. Wanda ya kashe kuɗinsa a man rufi ya tsaya ya ga abin da ake zubawa a bokiti.

Babban maƙiyin fenti a wannan ƙasa ma ba a gwangwani yake ba, a hannun mai gadi ko shofar yake, wato busasshen tsumman da ake kaɗe mota da shi kowace safiya. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, tana tafe da ƙananan ƙwayoyin yashi, kuma yashi ya fi berni tauri nesa. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, ƙwayar yashi tana hawa na 7, ta fi gilashin taga ma. Goga ta da busasshen ƙyalle daidai yake da bin mota da takardar gurza. Wannan ne asalin zobba-zobban nan masu kama da saƙar gizo da ake gani a jikin mota in rana ta haska ta. Ba kaki ba man rufi da zai hana su. Abin da man rufi ke yi shi ne ya sa ƙurar ta sauka da ruwa kaɗan ba tare da an murza ba, kuma a garin da ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa wannan ma riba ce. A fara watsa ruwa, ƙura ta gangara, sannan hannu ya taɓa. In babu ruwa, gara a bar motar da ƙurarta, a share gilashi kawai.

Tun daga shekarun 2010 wani sabon iri ya yaɗu, wanda ake kira seramik. Shi ma man rufi ne a ma'ana, sai dai ya fi tauri, yana daskarewa kamar siririn gilashi, kuma mai kyau da aka shafa da ƙwarewa ya kan kai shekara biyu ko fiye. Dokar jeri ta fi tsanani a kansa: ko ɗigon mai ya rage a fenti ba zai kama daidai ba, kuma in ya daskare da tabo sai an gurje shi. Ɗora masa kaki ba ya cutar da shi, amma yana rufe halinsa na ture ruwa da datti, wanda domin shi aka biya kuɗi. Akwai kuma kwalabe masu haɗin kaki da folima wuri guda. Waɗannan ba su saɓa wa abin da aka faɗa ba, domin a masana'anta aka daidaita su yadda za su zauna tare. Daɗewarsu tsaka-tsaki ce. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mutum ya zuba wannan cikin wancan a gida ya girgiza, ya ce ya yi nasa haɗin.

Masu fenti suna da nasu kukan, kuma ya kamata a ji shi. Motar da ta fito daga garaji da sabon fenti ba a shafa mata kaki ko man rufi sai ta yi wata ɗaya zuwa uku, domin fentin garaji ba a gasa shi da zafin tanda irin na masana'anta ba, ruwan narkarwarsa yana ci gaba da fita a hankali. In an toshe shi da wuri sai ya dushe ko ya ƙi yin tauri. Haka kuma wanda zai kai mota a yi mata fenti ya faɗa wa mai garaji abin da ya saba shafa mata. Silikon ko kaɗan ne ya rage a jikin ƙarfe, sabon fenti yana gudunsa, ya bar ƙananan ramuka da ake kira idon kifi. Rigima da yawa tsakanin mai mota da mai fenti daga nan take tasowa, kowa na rantsuwa ba laifinsa ba ne, alhali magana ɗaya kafin a fara aiki da ta wadatar.

Ga ɗan kasuwar da ke sayar da waɗannan kaya, tambaya ɗaya za ta rage masa masu dawowa da fushi: me ke jikin motar yanzu? In kaki ne, ya sayar da abin fidda shi tare da man rufin, ya kuma yi bayanin kwana guda na jira. Ya kula da ajiya ma, domin kwalbar da ta yi wata uku a rumfar kwano tana shan zafin bazara ta kan tsinke, ruwa a sama gari a ƙasa, gwangwanin kaki kuma ya narke ya sake daskarewa mayukansa sun rabu. Wanda ke shakkar hajar da aka kawo masa yana iya gwada ta ba tare da dogara ga rubutun kwali ba. Ya sami murfin injin tsohuwar mota, ya wanke shi tsirara, ya raba shi uku da takardar liƙi: man rufi kaɗai a sashe ɗaya, man rufi da kaki bisansa a na biyu, kaki da man rufi bisansa a na uku. Ya bar shi a rana, duk mako ya wanke da sabulu mai laushi ya watsa ruwa ya duba. Kafin wata biyu sashe na uku zai ba da labarin kansa, kuma murfin zai fi kowane talla aiki in an jingine shi a ƙofar butiki.

Mai sayen mota ta hannu shi ma ya riƙe wannan: kaki mai yawan mai yana ɓoye ƙarce da dushewa na ɗan lokaci. Motar da ke walƙiya fiye da shekarunta a filin dillalai, a nemi izni a goge tafin hannu guda na samanta ko murfin injinta da surkakken alkol, a duba wurin a cikin rana. Dillalin da ya yarda da hajarsa ba zai hana ba.

Lokacin shafa man rufi da ya fi dacewa shi ne Oktoba, bayan ruwan ƙarshe, iska na da sauran laima kuma ƙura ba ta taso ba. Wannan zai kai mota ƙarshen hunturu. Sai a sake a Maris, kafin zafin bazara ya kankama, da sassafe ko bayan la'asar, yadda zai riski farkon damina da guguwar ƙurar da ke zuwa gaban hadari. Motar da ke kwana a waje, ko mai zirga-zirga tsakanin Yamai da Damagaram, ta kan bukaci na uku a tsakiyar damina.